Farar Amurka da Kiran da Na Ƙi Amsawa

Leɓena ne ya fara gaya mini. Ranar wata Asabar ce cikin watan Mayun shekarar 2004, wajen ƙarfe uku na rana, ina tsaye a kicin ɗinmu na Hyattsville da ke Amurka, a ɗan lungun da ke tsakanin firij da bango, yatsuna duk mai da yaji, sai na ji leɓena na ƙasa yana zugi kamar an goga masa ɗanyen barkono. Na ce a raina ai yajin Kaka ne, ita dama ba ta zuba yaji da tausayi. Na lashe, na sake lashewa. Sai ƙaiƙayi ya shiga cikin kunnuwana, ya gangaro tafin hannuna, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. A falo kuwa, bayan labule, mutum kusan ashirin sun yi tsit, muryar Baba kaɗai ke tashi yana karanta musu littafin Annabi Yusha'u, wanda wasu ke kira Hosiya. Shekarata goma sha ɗaya. Na san wannan ƙaiƙayin, na taɓa gamuwa da shi sau ɗaya, kuma na san abin da ke biye da shi. Ko yanzu da nake rubuta wannan, sai da hannuna ya kai ga maƙogwarona.

Amma bari in koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi na kai kaina wannan lungun.

Muna zaune ne a bene na biyu na wani gini mai jan bulo, ɗaki biyu da falo, ba nisa da tashar jirgin ƙasa na Green Line. Ina da shekara bakwai ni da Mama muka baro Zonkwa muka iske Baba, wanda ya riga mu zuwa yana tuƙin tasi. Mama ta sami aikin kula da tsofaffi a Wheaton, ta fita da duhu-duhu ta dawo ƙafafu a kumbure. Cikin shekara huɗu na rikiɗe gaba ɗaya. Sunana Rifkatu, sunan da Baba ya zaɓa tun ina ciki, amma malamar ajina na farko ta kasa faɗar sa, yara suka mai da shi abin waƙa, sai na wayi gari na raɗa wa kaina Beki. Da a makaranta ya tsaya da sauƙi, sai na shigo da shi gida. Baba ya kira "Rifkatu", in yi kamar da bango yake. Ya yi mini Hausa, in mayar masa da Turanci, da irin saurin da na san ba zai kama duka ba. Ƙosan da Mama ke soya mini kafin ta fita, a kwandon shara na bakin makaranta yake ƙarewa, don kada a ce jakata na wari. Durƙusawa wajen gaisuwa kuwa na daina tuntuni. Rabon da in ce wa Baba "na'am" an fi shekara, shi kuma ko sau ɗaya bai yarda ya ce Beki ba.

Akwai kuma abu guda da jikina ba ya karɓa, wato kirefish, busasshen jatan landen nan da ake zubawa a miya. Ina da shekara tara muka gano haka, a wani biki a Mitchellville, da na sha miyar agushi fuskata ta kumbura har idanuna suka rufe. Daga asibiti aka sallamo mu da allura biyu, irin mai kama da ƙaton alƙalami wadda ake caka wa mutum a cinya in numfashinsa ya fara toshewa. Ɗaya aka ce kada ta bar jakata. Ni kuwa na cusa ta can ƙasan akwatin ajiyata na makaranta, ƙarƙashin tsofaffin takardu, don ba na son abin da zai ƙara bambanta ni da sauran yara. Ɗayar ban san inda take ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Cikin watan Maris na wannan shekarar Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana daga gida. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai saurin tafiya, wadda ta yi rayuwarta duka tsakanin gonar citta da rumbu. Watanninta biyu na farko a bakin taga ta yi su, lulluɓe da bargo, tana kallon wurin ajiye motoci tana tambaya wai mutanen ƙasar nan ina gonakinsu. Sai ga Mayu. Wata safiya na fito zan tafi makaranta, na tarar ƙasar gindin manyan itatuwan bayan gininmu duk ta huhhuje, ƙananan ramuka birjik kamar an bi ta da yatsa. Jikin itatuwan ya cika da ɓawon wasu ƙwari, busassu, a maƙale, bayansu a tsage. Kafin kwana uku masu ɓawon suka cika unguwa: manya kamar babban yatsa, baƙaƙe, idanu jajir, fukafukai garai-garai masu jijiyoyi ruwan lemo. A makaranta aka ce mana sunansu sikada, wai shekara goma sha bakwai suke yi a ƙarƙashin ƙasa kafin su fito, su yi 'yan makonni suna kuka, su mutu. Kuka kuwa, ban taɓa jin irinsa ba! Da rana ta yi zafi sai unguwa duka ta ɗauka, kamar an kunna injinan niƙa a kan kowane reshe, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ba su iya tashin kirki ba, sai su taho a karkace su faɗa wa mutum a ka, a wuya, cikin jaka. Ka ga manyan mata da takalmin ofis suna gudu suna ihu daga mota zuwa ƙofa, wasu da lema a buɗe alhali ko ɗigon ruwa babu.

Kaka ta fito baranda ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta cafke ɗaya, ta juya ta, ta matsa cikinta, ta shinshina. Sai ta yi wata dariya da ban ji ta yi ba tun saukarta, ta ce, "Ashe ƙasar nan ma Allah bai manta da ita ba. Ga fara har ƙofar gida, kuma ba mai tsinta!" Daga ranar sunansu ya zama farar Amurka a gidanmu.

Tun gari bai gama wayewa ba take ɗaura zane, ta zura takalmin sanyin Baba, ta ɗauki bokitin wanki ta sauka. Ta gano cewa na sassafe sun fi, waɗanda ba su daɗe da fita daga ɓawo ba, masu laushi, raɓa ta hana su motsi. Ranar da babu makaranta tare muke zuwa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi a ƙasar nan irin na waɗannan safiyoyin ba. Ni ke girgiza ƙananan rassa, ita tana tara zane, su zubo mana kamar ƙanƙara, wasu su shige mini riga in yi ta tsalle ina ihu, ita tana dariya har sai ta zauna a ciyawa. A baranda muke zama mu fige fukafukai da ƙafafu. Hannuna kan ɗan yi ƙaiƙayi bayan mun gama, ban gaya wa kowa ba. Ta tafasa su da gishiri, ta shanya a faranti, sannan ta soya da man gyaɗa da albasa, ta barbaɗa yajin ƙuli-ƙulin da ta ƙullo daga gida. Ƙamshin sai ya bi matakala ya sauka har ƙasa. Maƙwabciyarmu Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, ta ƙwanƙwasa ta ce me ake soyawa haka ba a gayyace ta ba. Da ta leƙa kaskon sai ta ja da baya, ta ce sai ta tambayi malaminsu tukuna. Washegari ta dawo da kwanonta a hannu.

Sai dai tun ranar suyar farko Baba ya kafa doka. Shi mutum ne da rediyon motarsa ba ya hutawa, kuma a nan ya ji likitoci suna gargaɗi cewa duk wanda jikinsa ba ya karɓar kirefish da danginsa, kada ya kuskura ya ci waɗannan ƙwari. Ya ce kowa ya ci, ban da Rifkatu. Kaka ta riƙe haɓa ta ce, "Kirefish na ruwa ne, wannan ta kan itace ce, a ina suka haɗu? Yarinyar nan a hannuna ta ci fara tun ba ta da haƙoran kirki." Baba ya ce, "Inna, na dai roƙe ki." Ta yi ta ƙunƙuni, amma ta bi maganar ɗanta, ta riƙa ɗora kwanon a saman firij ta rufe da faranti. Ni kuwa ban ga tausayi a ciki ba ko kaɗan. Na ɗauka wata sabuwar doka ce kawai a kan tarin waɗanda nake da su, daga mutumin da komai nawa ba ya yi masa.

A makaranta kuma sai ga ni na yi suna. Ni kaɗai ce yarinyar da ke ɗaukar su da hannu ba tare da ta rufe ido ba. Lokacin hutun rana mu jera ɓawonsu a ƙirjin riga kamar lambobin soja, mu yi musu tsere a kan layin filin ƙwallon kwando, kowa ya sa wa tasa suna yana yi mata kirari. Ni ake kira in cire su daga gashin 'yan mata, har malamarmu ta taɓa ɓuya a bayana. Kaina ya kumbura. Sai wata safiya motar makaranta ta tsaya a bakin gininmu, ina shirin shiga, ga Kaka can gindin itace da bokiti, da takalmin da ya fi ƙafarta, tana ɗaga mini hannu tana kiran sunana na gida. Yaran motar suka manne da taga. Wata ta ce wannan tsohuwar me take yi da su, ci take yi? Wata ta juyo ta ce ba ke take kira ba? Na ce ban san ta ba. Na shige ban waiga ba, hannunta na sama.

Ashe Baba yana zaune cikin tasinsa a wurin ajiye motoci, ya ga komai. Da yamma ya kira ni, ban amsa ba, ya taso ya tsaya a ƙofar ɗaki. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi matar da na wuce da safe, ita ta goya ni wata takwas lokacin da Mama ke jinya. Ni kuwa kunya ta juye ta zama fushi, na buɗe baki da Turanci na ce ni ban roƙi a haife ni a gidan nan ba, da ma wani ne ubana. Wannan karon duk ya kama, kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya fita. Bai dake ni ba, bai zage ni ba, kuma shirun nan ya fi duka ba ni tsoro. Kwana biyu bayan haka na ji Anti Laraba, ƙawar Mama wadda ke aikin nas, tana cewa a kicin, "Ku tura ta Jos makarantar kwana mana. Wata shida za ta dawo tana gaisuwa har ƙasa. Haka muka yi da namu." Ba wasa take yi ba. A cikin mutanenmu na nan an san wannan maganin, na san yara biyu da aka ce musu hutu za su je, shekara uku ba su dawo ba. Na kasa kunne in ji amsar Baba. Cewa ya yi, "Bari mu gani." Daga ranar na sa a raina cewa laifi ɗaya ya rage mini, sai jirgi.

Asabar ɗin nan kuma gidanmu zumunta ta faɗo. Sau ɗaya a wata masu bi, wato Kiristocin da ke jin Hausa, mutanen Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, sukan taru a gidan ɗayansu, daga Wheaton har Mitchellville, a yi waƙa, a yi karatu, a ci tuwo, a yi gardama. Watanni aka yi ana bin littafin Annabi Yusha'u, kuma ni duk cikin annabawa ba wanda ya ba ni haushi kamarsa. Mutum ne da matarsa ta bar shi ta bi wasu, ta kunyata shi a gari, Allah kuma ya ce masa ya tashi ya je ya dawo da ita gida ya ƙaunace ta, wai don mutane su ga yadda shi Allah yake yi da jama'ar da ta juya masa baya. Ranar da aka karanta wannan wurin maza suka yi ta gyaran murya, mata suna ƙunshe dariya. Ni da nake raba ruwa na ce da Turanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, in da ni ce shi, kwaɗon ƙofa zan canja. Aka fashe da dariya, Anti Laraba ta ce, "Ku ji mini 'yar nan, ita da kullum ake buɗe wa ƙofa!" Ban gane abin da take nufi ba a lokacin.

Ranar Asabar ɗin kuwa gidanmu ya cika maƙil, takalma sun taru tsibi a bakin ƙofa. Mama tana wurin aiki. Kaka ta yi suya ta musamman don baƙi, kwano guda cike, ta ɗora a saman firij sai an gama karatu. Aka aike ni kicin in ɗauko kofuna. Ƙamshin nan ya tare ni. Na tuna yadda muka tsince su tare, na tuna hannuna ne ya fige rabinsu, na ce a raina wai yau baƙi daga Wheaton za su ci, ni da na yi wahalar a ce ban da ni? Na jawo kujera na hau, na ɗaga farantin, na dumbuza. Kai, daɗi! Garas-garas, kamar soyayyar gyaɗa mai nama a ciki. Na ƙara dumbuza, na sauko na maƙale a lungu ina ci ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ban yi minti biyar ba leɓena ya fara.

Taku uku ne tsakanina da labulen falo. Ina jin Baba sarai. Ya kai wurin da Allah ke magana kamar uba a kan ɗansa, yana tuna yadda ya koya masa tafiya, ya ɗauke shi a hannu, ya sunkuya ya ba shi abinci a baki, amma yana kiran yaron, yaron yana ƙara nisa. Abin da kawai ya kamata in yi shi ne in ɗaga labulen in ce Baba na ci. Amma sai na hango kaina tsaye a gaban mutum ashirin, baki duk yaji, Anti Laraba tana gyaɗa kai, na hango jirgi. Na ce bari in sha ruwa in ɗan jira, wataƙila ya wuce ba wanda ya sani. Na tsallake takalman baƙi, na buɗe ƙofa a hankali, na sauka da gudu har ɗakin wanki da ke ƙarƙashin ginin.

Ba kowa a ciki. Na kafa baki a famfo, ruwan ya ƙi wucewa yadda ya kamata. Na shige bayan injin busar da kaya na ƙarshe na tsuguna. Ɗakin yana da wata 'yar taga can sama, daidai da ciyawar waje, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Hannuwana suka yi ruɗu-ruɗu, idanuna suka fara ƙanƙancewa, numfashina ya koma fito kamar na tsohuwar buta a wuta. Daga baya na ji abin da ya faru a sama. Kaka ta shiga kicin ta ga kujera a gaban firij, farantin a karkace, da shatin yatsu na yaji a jikin ƙofa. Tsohuwar da ba ta taɓa katse karatun Littafi ba a rayuwarta, ta yaye labule ta kwarma ihu tana kiran ɗanta da sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa ba don kara.

Sai na ji shi. "Rifkatu!" Kukan fara ya cika duniya, amma muryar ta ratso. Ƙafafunsa suka wuce ta gaban tagar, ba takalmi, safar coci ce kawai ruwan ƙasa, yana taka ƙwarin nan ko a jikinsa. "Rifkatu!" Na ƙara matsewa cikin lungu. Har a lokacin, numfashi na ƙarewa, jirgin Jos nake tsoro. Ƙafafun suka ɓace wajen kwandunan shara, suka dawo da gudu, suka nufi titi, suka sake dawowa. Ina jin wasu muryoyin suna kira can nesa, amma tasa ta fara dishewa. Sai ƙafafun suka tsaya cak a gaban tagar. Sannan da wata irin murya da ban san yana da ita ba, ya ce, "Beki! Beki, don Allah!"

A nan na buɗe baki zan amsa, ba abin da ya fito. Ko iska. Na yunƙura, bango ya juya. Na cire takalmina ɗaya na jefi tagar, ya faɗo bai kai ba. Na cire ɗayan, na tattara duk abin da ya rage a jikina na wurga, ya bugi gilashin. Ƙafafun suka lanƙwashe, gwiwoyi suka sauka a ciyawa, sai ga fuskar Baba manne da taga, a karkace, gumi na zuba.

Ban san yadda ya sauko ba, na dai ji ƙofa ta bugi bango. Ya jawo ni daga bayan injin ya kwantar da ni a kan siminti. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa hannu cikin aljihun ƙirjin kaftaninsa, sai ga allurar nan ta biyu. Ya cire murfin da haƙori, ya caka mini a cinya ta saman siket, ya danne yana riƙe da kaina da ɗaya hannun, yana cewa, "Ina nan, ina nan, ja numfashi, ina nan." Kaka ta sauko da kwalbar manja a hannu, tana kuka tana cewa a buɗe bakina a ɗura mini, haka ake yi wa wanda ya ci dafi. Anti Laraba ta sha gabanta, waya a kunne tana kiran motar asibiti, ta ce, "Kaka, ba a sa wa wanda ba ya numfashi komai a baki, ki yi haƙuri!" Sai na ji kamar an ɗan sassauta igiya a wuyana. Iska ta shiga, siririya, mai zafi. Baba ya ɗauke ni kamar jaririya ya hau matakala da ni, ya fita tsakiyar kukan fara ya tsaya a bakin titi yana jira. Zuciyarsa tana bugun kunnena fiye da tawa.

Yau shekara goma sha biyu ke nan. Na gama sakandare, ina aiki a inda Mama ta yi, Hausar da nake rubutawa kuwa a cikin Littafi Mai Tsarki na Baba na sake koyon ta, shafi-shafi, bayan cin tuwon yamma. Kaka ba ta sake soya farar Amurka ba, ragowar kwanon tsuntsaye ta zuba wa. Na durƙusa na roƙe ta gafarar abin da na yi mata a bakin mota, ta ce wace mota, ita ba ta ga mota ba. Ta koma gida kafin sanyi, a can ta rasu, ban sake ganin ta ba. Mama ce ta gaya mini cewa tun ranar bikin Mitchellville Baba bai taɓa fita gida ba tare da allurar nan a aljihu ba, ko a mota ba ya barin ta don kada zafi ya lalata ta. Duk shekarar da na yi ina yi masa kunnen ƙashi, tana kwance a kan ƙirjinsa. Itatuwan bayan ginin suna nan, shiru, ƙwarin suna can ƙasa suna jiran lokacinsu, kuma in na bi ta wurin nakan ji kamar in ga tsohuwa da bokiti. Tsoron bai sake ni ba. Ba na cin abin da ban ga dafuwarsa ba, ƙarar injin busar da kaya kuwa nesa da ita nake bi. Amma duk lokacin da abin ya taso mini, sa'a guda ta wannan ranar nake komawa a raina.

Rana na shirin faɗuwa ne. An yi awanni a asibiti ana sa mini ruwa ana duba ni, don an ce abin yakan dawo. Mama ta zo da rigar aikinta, ta yi kuka, ta fita yi wa Kaka waya. Baba yana zaune a gefen gado da safarsa duk ciyawa, ga takalmin da Anti Laraba ta kawo masa daga tsibin bakin ƙofa, na wani ne, bai shige shi ba. Likita ta shigo ta haska maƙogwarona, ta saurari ƙirjina, ta yi murmushi ta ce kumburin ya sauka, hatsarin ya wuce, na tsira. Baba ya sa ta maimaita. Da ta fita, na tattara 'yar muryar da ta dawo mini, na tambaye shi da Hausa, Hausar da ta yi tsatsa a bakina, ko yanzu Jos za a kai ni.

Ya kalli hannuwansa. Ya ce, "Kin fita ban kai ƙarshen karatun ba. A ƙarshe Allah cewa ya yi ba zai iya ba. Ya so ya sallami jama'arsa, zuciyarsa ta ƙi. To ni wane ne?" Ya share fuska da hannun riga, ya ɗan yi dariya. "Kuma in na tura ki Jos, wa zan riƙa yi wa dakon allura?"

Can ya ce, a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai tabbata da ita ba, "Rifkatu."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya sake kira, na sake amsawa. Ba abin da zai ce mini. So kawai yake ya ji.